Ɗaukar Hoto da Tsohon Fim a Zafin Sakkwato: Daga Gwangwani Zuwa Wanki

Gwangwanayen fim na farko da suka shigo hannuna guda shida ne, wani dattijo a cikin gari ya ba ni su. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin majigi, irin masu bin ƙauyuka da mota suna kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi. Da ya ji ina cigiyar ɗanyen fim, sai ya sa jikansa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya ce, "Ɗauki, ɗana. Tun da munka bar aiki ba wanda yat taɓa su. Sabbi na, ko buɗe su ba a yi ba." Na ce, "Baba, Allah shi saka da alheri," na kinkimo su ina jin na tsinci dami a kala.

Sabbi ne kam, tunda haske bai taɓa su ba. Amma sun yi sama da shekara talatin a ɗaki mai rufin kwano, kowace bazara suna dahuwa a hankali. Da aka wanke na farko, abin da ya fito toka ce shimfiɗe, da wata inuwa-inuwa da ni kaɗai na san raƙumi ne a Kara. Daga baya na sayo ragowar wani fim daga waje, shi ma ya kusa shekara ashirin, amma duk tsawon lokacin a firiza ya yi shi. Ya fito da kyau har na yi ta maimaita kallonsa. Tun daga nan na daina fara tambayar shekarun fim. Abin da nake fara tambaya shi ne, a ina ya kwana?

Abin da tsufa ke yi wa fim

Fim leda ce da aka shafa wa wani siririn kauri mai ƙwayoyin azurfa masu jin haske. Ko haske bai same su ba, zafi da daɗewa suna taɓa wasu ƙwayoyin, in aka zo wanki su yi duhu kamar an haska su. Wannan shi ne hazo. Sunan ya dace, don tamkar hazon hunturu yake: baƙi ya daina zama baƙi, ya koma toka-toka, abin da ke cikin inuwa ya ɓace, tsakin hoton ya yi manya. A fim mai launi, shimfiɗa uku ce a jere, mai jin shuɗi da mai jin kore da mai jin ja, kuma ba tare suke tsufa ba, shi ya sa launi ke karkata, sau da yawa inuwa ta yi shuɗi ko shunayya. Fim mai saurin jin haske, irin mai lamba 500, shi ya fi saurin lalacewa, kuma ko a firiza yake ba ya tsira gaba ɗaya, domin akwai haskoki marasa ganuwa da ke ratsa bango da gwangwani. Mai lamba 50 yana da jimiri sosai. Baƙi-da-fari ya fi kowa.

Fara da karanta gwangwanin

Yawancin gwangwanayen fim na silima ba a buga musu ranar ƙarewa irin ta kwalin magani ba. Lamba za ka karanta. A wurin Kodak, lambar da ta fara da 52 fim ne mai faɗin milimita 35, wadda ta fara da 72 kuma milimita 16 ko ƙasa. Daga sunan jinsin za ka kintaci shekaru. EXR na ƙarshen shekarun 1980 ne zuwa na 1990. Vision ya fito a 1996, Vision2 a 2002, Vision3 a 2007. Don haka in ka ga 7218, Vision2 500T ne, ka lissafa masa kusan shekara ashirin. In ka ga 7219 ko 7207 ko 7203, Vision3 ne, zai iya zama ɗan bana-bana, zai iya zama ya haura goma. In Fujifilm ne, irin su Eterna, ba sai ka yi dogon lissafi ba: kamfanin ya daina yin fim na ɗaukar silima a 2013, ba wanda ya fi haka ƙuruciya.

Harafin da ke bayan lambar ma magana yake yi. D na hasken rana ne, T na hasken ƙwan fitila mai ja-ja.

Akwai waɗanda ba sai ka wahalar da kanka ba. Kodachrome, hanyar wankinsa ta launi ta mutu tun ƙarshen 2010, sai dai a wanke shi baƙi-da-fari. Nagetif (fim mai fito da hoto a juye, fari ya zama baƙi) mai launi da aka yi kafin 1974 ba na wankin yanzu ba ne, zafin ruwan wankin zai narkar da shafinsa. In kuwa ka ci karo da milimita 35 na kafin wajen 1952, ko ka ga an rubuta NITRATE, ka ja da baya. Wannan yana kamawa da wuta cikin sauƙi, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Kada ka ajiye shi a ɗakin da ake kwana.

Sai ka duba tef ɗin da ya zagaye bakin gwangwanin. In na kamfani ne ba a taɓa ɓare shi ba, madalla. In tef ne na hannu da rubutun biro, to ragowa ce daga wani aiki, ko kuwa an loda shi a kyamara ba a ɗauka ba aka mayar. Waɗannan su ne masu araha, su ne kuma masu bukatar zargi. In ka ga an rubuta EXPOSED, an riga an ɗauki wani abu a kai, kada ka buɗe, kada ka loda. Wa ya sani ko wani hawan Sallah ne na shekara arba'in da suka wuce ke kwance a ciki? Irin wannan, da tsofaffin faifan da aka riga aka wanke, wurin masu adana tarihi ya kamata su nufa, kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan gida, ko ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos.

Hanci da yatsa, cikin duhu

Duhu a nan yana nufin duhu ƙirin. Jar fitilar da ake gani a tsofaffin ɗakunan wankin hoto don takardar hoto aka yi ta, fim yana ganin ja sarai. In ba ka da baƙar jakar nan mai hannuwa biyu, ka jira dare, ka toshe taga da bargo, ka tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ka bar waya da agogo a waje. Zauna minti goma. In ka fara ganin tafin hannunka, ɗakin bai yi ba.

Buɗe gwangwanin ka sansana. In ka ji tsami irin na ruwan khal, ledar ce ta fara ruɓewa, kuma ba ta komawa baya. Rufe shi ka raba shi da sauran, don tururinsa yana harbin na kusa da shi. In babu wari, warware kamu ɗaya ko biyu ka ji. Ya kamata ya warwaru sumul. In yana mannewa da juna yana ƙara kamar ana ɓare salatif, laima ta shige shi. In ka ɗan lanƙwasa bakinsa ya karye kamar busasshen ganye, ya bushe da yawa.

Yanke kamar ƙafa ɗaya, rufe sauran, ka fito haske da guntun. Abu biyu za ka duba. Na farko ramukan gefe: a milimita 16 akwai mai ramuka gefe ɗaya, akwai mai gefe biyu. Wasu tsofaffin kyamarori, har da Bolex na farko-farko, haƙoransu gefe biyu ne, in ka cusa musu mai gefe ɗaya za su yayyaga shi. Na biyu ƙanƙancewa. Ɗora guntun a kan sabon fim, ka daidaita ramin farko, ka bi su da ido. A ƙafa ɗaya ta milimita 16 akwai firam 40, wato ƙananan hotuna 40 a jere. In ka kai ƙarshe ka ga ramukan sun goce da kusan rabin tazarar da ke tsakanin rami da rami, ya ƙanƙance da wajen kashi 1 cikin 100, kuma wannan ya isa ya sa hoto rawa ko fim ya cije a cikin kyamara.

Gwaji, wanda ba a tsallakewa

Nan ne mutane ke yin rowa, nan ne kuma suke asara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya ɗauki ɗaurin auren ƙanwarsa da fim ɗin da bai gwada ba, shi ya jawo wa kansa zaman bayani a gaban iyaye.

Gwaji iri biyu ne. Na farko masu wanki ne ke yi: ka aika musu 'yan ƙafafu da ba a ɗauki komai a kai ba, su wanke, su auna duhunsa da na'ura, su gaya maka yadda hazonsa ya zarce na sabo. Yana da amfani, amma lamba kawai zai ba ka.

Na biyu shi na fi so, don ido ke yanke hukunci. Samo mutum ka zaunar da shi inda rabin fuskarsa ke rana rabi ke inuwa, sanye da farar riga, ka ba shi kwali mai ruwan toka ya riƙe, ka ajiye wani abu ja da wani kore kusa da shi. Ni jar fatar akuya ta majema nake sawa da ɗaurin ganyen albasa. Sai ka ɗauki daƙiƙa biyar-biyar, kowane karo kana ƙara haske mataki ɗaya. Mataki ɗaya yana nufin ninka hasken sau biyu, wato a lambar buɗewar ƙofar lensi daga f/16 zuwa f/11, daga f/11 zuwa f/8. In fim ɗin mai lamba 500 ne, ka auna shi da ma'aunin haske a matsayin 500, sannan 250, 125, 64, 32. Kowane karo ka rubuta lambar da manyan baƙi a takarda, mutumin ya ɗaga ta a farkon ɗaukar, in ba haka ba ranar da hoton ya dawo ba za ka san wanne ne wanne ba. Daƙiƙa biyar a gudun firam 24 ƙafa uku ce ta milimita 16. Duka gwajin ƙafa 15 ne, bai kai murɗi ɗaya na sifirin ɗin da ke tafiyar da Bolex ba, wanda ke tafiya kusan daƙiƙa 28.

In milimita 35 gare ka, abin ya fi sauƙi. Yanke ƙafa biyar da rabi cikin duhu, naɗa shi a kwanson fim na kyamarar hoto ta da, ka samu hoto 36 na gwaji ba tare da ka taɓa kyamarar silima ba.

Gwangwani biyu masu lamba ɗaya da suka kwana wuri ɗaya, gwaji ɗaya ya ishe su. Waɗanda suka fito daga hannu daban-daban, kowanne da nasa.

Lissafin haske

Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce a ƙara mataki ɗaya a kan kowace shekara goma, ga nagetif mai launi. Ba doka ba ce, mafari ne. Fim mai lamba 500 ɗan shekara ashirin sai a ɗauke shi a matsayin 125. In ka san ya yi bazara da yawa a ƙasarmu ba firji, ƙara wani matakin, ya zama 64. Dalilin shi ne hazo ya riga ya mamaye gindin hoton, dole ka ɗaga abin da kake son a gani sama da shi. Nagetif yana haɗiye ƙarin haske ba tare da ya shaƙe ba, ƙarancin haske ne ba ya yafewa.

A nan ne Sakkwato ke biyan bashin ɓarnar da zafinta ya yi. Tsohon fim mayunwacin haske ne, mu kuwa hasken ya yi mana yawa. A gudun firam 24, kowane firam yana samun kusan kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Da tsakar rana fim mai lamba 50 yana neman f/16. Sabon 250D a irin wannan rana sai an toshe shi da filta mai rage haske, in ba haka ba lensin ba shi da ƙanƙantar ƙofar da za ta ishe shi. Amma tsohon 250D da ka sauke zuwa 64 ya kusa zama daidai da kansa. Tsufan ya zame maka filta kyauta.

In mai T ne za ka ɗauka da rana, sa filta mai lamba 85, mai ruwan lemo, don kada komai ya fito shuɗi. Tana cin kashi biyu cikin uku na mataki: 125 ya koma 80, 64 ya koma 40. Wasu na cewa a bar ta, a gyara a kwamfuta. Da sabon fim na yarda. Da tsoho ban yarda ba, domin shimfiɗar shuɗi ita ta riga ta fi jigata, ka ƙara mata lodi kuma sai gyaran ya gagara. Mai Bolex mai leƙe ta cikin lensi ya tuna cewa madubin ciki yana satar wani kaso na hasken, ya auna a kan kashi 1 cikin 80 na daƙiƙa maimakon 50.

Ga inda na fi son a tsaya a yi tunani. Fuskokinmu baƙaƙe ne, tufafinmu na fita farare ne, kuma sau da yawa rawani ko hula ko mayafi sun jefa inuwa a kan ido. In ka nuna ma'aunin haske ga dattijo cikin farar babbar riga a ƙofar Masallacin Shehu ranar Juma'a, rigar zai gani, ya ce maka ka rufe lensi. Ka bi shi, rigar ta fito tsaf da aikinta, fuskar kuwa ta nutse cikin hazo da tsaki, kuma a tsohon fim babu mai tsamo ta. Fuska za ka auna, ɓangaren inuwa. Bar rigar ta yi haske, nagetif zai riƙe ta fiye da yadda kake zato. In da hali, sa yaro ya riƙe farin zanen gado ko farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske cikin ido. Farin yashi ma yana yin wannan aikin, shi ya sa ɗauka a bakin Gulbin Rima ta fi ta cikin lungu sauƙi.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne dare, da cikin zaure, da rumfunan cikin kasuwa. Lambar 500 da ke kan gwangwanin tana ruɗin mutum ya ga kamar zai iya ɗaukar mai shayi da fitilarsa. Wannan ƙarfin ya tafi da ƙuruciya. Hantsi da la'asar su ne lokutanka.

Duk wannan na nagetif ne. Fim irin su Ektachrome, wanda ke fitowa da hotonsa kai tsaye ba a juye ba, ba ya son ƙari. Ka ɗauke shi a lambarsa, ko ka ƙara kaɗan, ka karɓi abin da ya ba ka. Irinsa ne gwangwanayen Baba, tsohon fim ɗin ɗaukar labarai, shi ya sa ba su da ceto. Baƙi-da-fari kamar Double-X, 7222, wanda ake yi tun 1959, ƙarin mataki ɗaya yakan ishe shi ko ya yi shekara ashirin.

Ajiya kafin ranar

Kodak na cewa a ajiye ɗanyen fim a digiri 13 ko ƙasa in na 'yan watanni ne, a digiri 18 ƙasa da sifili in zai daɗe. A garin da Afrilu ke haura digiri 40, kuma wuta ke zuwa ta tafi, wannan magana ce mai nauyi. Firizar da ke daskarewa da dare ta narke da rana tana tara raɓa. Maganinta shi ne ka bar gwangwanin a naɗe da tef ɗinsa, ka sa shi cikin leda mai zif tare da ƙananan ƙunshin shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ƙara wata ledar, sannan ka jera robobin ruwa daskararru kewaye da shi don su riƙe sanyi in an ɗauke wuta. In ba firji sam, nemi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ka ajiye a ƙasa, can ƙurya, kuma kada ka saya sai ka kusa aiki.

In ka fito da shi daga sanyi, kada ka ɓare tef nan take. Bar shi a rufe ya dawo daidai da zafin ɗaki: milimita 16 awa ɗaya da rabi zuwa biyu, babban naɗin milimita 35 wajen awa biyar. Ni tun dare nake fito da shi.

Ranar ɗauka

Naɗin ƙafa 100 na milimita 16, a gudun firam 24, yana ba ka minti 2 da daƙiƙa 47. Na ƙafa 400 minti 11. Kwanson Super 8, ƙaramin fim mai faɗin milimita 8, minti 3 da daƙiƙa 20 a gudun firam 18. Ka san abin da za ka ɗauka kafin ka danna.

Ƙafa 100 da ke kan ƙarfensa mai rufaffen gefe ana iya loda shi cikin inuwa, amma inuwar ɗaki, ba ta gindin dogonyaro ba. Tsohon naɗi yakan saki jiki, haske ya sulala ta gefe. Wanda ke kan ɗan guntun roba kawai, sai cikin duhu ƙirin. Bayan ka rufe kyamara, bi bakin murfin da baƙin tef, sannan ka yafa mata farin ƙyalle. Baƙar kyamara a rana tana zafi har ta gagari taɓawa. Fim ɗin da ke jira ya zauna cikin kular ƙanƙara, ba a but ɗin mota ba. Na taɓa barin naɗi biyu a but daga hantsi zuwa la'asar a hanyar Goronyo. Ɗan'uwansu da ke jakata ya fito lafiya, su kuwa inuwarsu ta yi kauri da tsaki.

Hunturu yana da nasa. Hasken yana da taushi, fuska tana kyau a cikinsa, sanyi kuma yana taimakon fim. Amma hazo a sama da hazo a fim in suka haɗu, hoto yakan yi lami, don haka ka nemi abu mai ƙarfin launi ko baƙi sosai ka sa a gaba. Iskar kuma ta bushe ƙarau. Ka san tartsatsin da ke tashi in ka yaye bargo da dare a watan Janairu? Shi ne ke tashi a cikin kyamara in busasshen fim yana gudu, ya bar zane kamar reshen walƙiya a kan hoto. Nagetif mai launi yana da kariya a bayansa, baƙi-da-fari ya fi kamuwa. Kada ka warware fim da sauri, kada ka yi gudun firam 48 ko 64 da tsohon fim a wannan lokaci. Ƙura kuwa, duk sauyin naɗi ka hure ƙofar da fim ke wucewa, ka goge tarin da ya maƙale da tsinken sakace. Ƙarfe ba ya zuwa wurin.

Saurari kyamararka. In ƙararta ta sauya, ta koma kamar keken ɗinki ya cije zare, tsaya. Shiga duhu ka duba.

Wanki

Da ka gama, mayar da fim ɗin gwangwani, naɗe da tef, rubuta jinsinsa da lambar da ka auna shi da ita, ka mayar sanyi. Kada ya daɗe. Hoton da ke kwance a fim kafin wanki yana dushewa, zafi kuma yana hanzarta shi.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya: kada ka kai tsohon nagetif mai launi na silima wa masu wankin hoto na injin. A bayansa akwai wani baƙin shafi kamar kunkunniya, sunansa remjet, wanda ke hana haske dawowa ta baya. Wankinsa ECN-2 ne, nasu kuwa C-41. In ya shiga injinsu, baƙin zai saki ya ɓata ruwan maganinsu da hotunan sauran jama'a, ka tashi da rigima da biyan diyya.

Hanya ta farko ita ce aikawa waje. Akwai ɗakin wankin Kodak a Pinewood kusa da Landan, akwai Andec a Balin, da wasunsu. Rubuta musu tun kafin ka aika, ka faɗi gaskiyar shekarun fim ɗin, don wasu ba sa son tsoho sosai ya tsinke musu a inji. Ce musu wanki na daidai. Kada ka nemi a ƙara masa lokaci don ya yi haske, hazon ne zai ƙaru. In hazon ya yi yawa a gwaji, gara ka ba shi haske sosai wurin ɗauka, a rage masa lokacin wanki da mataki ɗaya. Sai maganar filin jirgi. Na'urar haska kaya tana ƙara hazo, sabbin nan masu juyawa kuwa wucewa ɗaya ta isa ta ɓata fim. In ɗan'uwa ne zai tafi da shi, ya riƙe a jakar hannu, ya roƙi a duba da hannu, kada ya taɓa sa shi a kayan da ake aunawa.

Hanya ta biyu wankin gida. Ana amfani da tankin Lomo na zamanin Tarayyar Sobiyat, wanda kowane faifansa ke ɗaukar ƙafa 50, don haka naɗin 100 sai an raba shi biyu. Ana sayar da magungunan ECN-2 a haɗe. Ruwan da ke fito da hoton yana son digiri 41 na minti 3 cif. Abin dariya, a bazara ruwan tankin da ke saman rufi ya kusa kai haka da kansa, ɗan ɗumi kawai zai nema. Baƙi-da-fari ne ke wahalar da mu, don shi digiri 20 zuwa 21 yake so, sai da ƙanƙara, kuma sanyin yana rage masa hazo. Remjet ana jiƙa shi da ruwan ɗumi mai bekin soda, cokali ɗaya a lita, a girgiza, a zubar, a yi ta ɗauraya har ruwan ya daina fita baƙi. Ragowar a goge da tattausan ƙyalle a ƙarshe, ta bayan fim kawai. Wani ya taɓa ce mini kanwa ma za ta yi. Ta fuskar sinadari bai yi nisa da gaskiya ba, amma kanwar kasuwa cike take da yashi, yashi kuwa a kan jiƙaƙƙen fim ƙarce ne daga farko har ƙarshe.

Ɗaurayar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbatar ruwan ne ba asid ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tabo. Shanya a banɗaki, bayan ka watsa ruwa a ƙasa da bango ƙura ta kwanta, ka rufe ƙofa, ka hana yara shiga.

Sikan da gyaran launi

Ka ce wa mai sikan, wanda zai mayar da fim ɗin hoton kwamfuta, kada ya gyara komai, ya ba ka shi a shimfiɗe, lami, da dukkan abin da ke cikinsa. Ranar da ka buɗe shi za ka ji gabanka ya faɗi, don zai yi kama da an wanke shi da ruwan koko. Haka yake. A manhajar gyaran launi ta DaVinci Resolve, fara da baƙi: sauke ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya har inuwa ta daina karkata. Sannan ka daidaita fari da rigar nan, sannan fata. In ka gyara inuwa sai haske ya karkata, ka gyara haske sai inuwa ta koma, shimfiɗun ne suka rabu, ba za su haɗu duka ba. Zaɓi fata, ka bar sauran yadda suka so. Tsakin ma kada ka goge shi duka, in ka matsa fuska za ta koma kamar roba.

Kafin ka jefar da bakin nagetif ɗin da aka wanke, ɗaga shi a haske ka duba gefensa. Kodak na buga alamar shekarar da aka yi fim a wurin, a tsofaffi da 'yan alamomi irin su da'ira da murabba'i da alwatika masu maimaituwa duk shekara ashirin, a na baya-baya da haruffa ko lambobi. Sai bayan wanki take bayyana. Rubuta shekarar a kan sauran gwangwanayen da suka zo tare da shi, haɗe da lambar da ta fi kyau a gwajinka, da ranar da ka gwada. In sun ƙara bazara ɗaya a hannunka, sake yanke ƙafa 15.